Na biya kuɗin mota, yaron mai sayarwa ya buga ta kafin a ba ni makulli: asarar ta wa ce?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka da waɗanda suka san ƙarfe.

Na yi ciniki da wani mai sayar da motoci a nan Garwa kan Hilux mai ƙofa huɗu, ta hannu, wadda ya hauro da ita daga Duwala. Mun daidaita a kan sefa miliyan 12 da rabi. Na ba shi miliyan 8, ya rubuta mini rasit da lambar shasi a jiki. Sauran kuɗin sai ranar da zai miƙa mini makulli da takardu, don ya ce a bar masa ita ya gama zancen kat-giriz, wato takardar rajistar mota, da bizit, wato takardar gwajin lafiyarta. Motar ba ta taɓa kwana a gidana ba.

Kafin ranar ta zo, yaronsa ya fita da ita wai zai kai wanki, ya afka wa bayan tifar yashi da ke tsaye a gefen hanya. Gaban dama ya lotse: bamba, fitila, bonet da gefen da ke saman taya. An ce ruwan lagireto ma ya zuba. Ba daga bakinsa na ji ba, a gari na ji, kuma da na je na tarar har an kira mai gyaran bodi.

Maganarsa biyu ce. Ta farko, wai tun ranar da muka ƙulla ciniki mota tawa ce, abin da ya same ta ƙaddarata ce. Ta biyu, wai don mutunci zai gyara da kuɗinsa, ni kuma in cika miliyan 4 da rabi in ɗauka. Ni mota marar tabo na saya. Ina da ikon in ce a mayar mini da kuɗina? In kuma na yarda da gyaran, me zan duba, kuma zan iya neman ragi?

Metir Marwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya tsayar nan. Kafin komai, ka sa a dakatar da gyaran yau ɗin nan. Duk guduma ɗaya da mai bodi ya buga, hujjarka ce take gogewa.

Maganarsa ta farko tana da rabin gaskiya, shi ya sa take ruɗa mutane. A dokar farar hula da muke aiki da ita a wannan ɓangaren na Kamaru, wadda aka gada daga Faransa, sashe na 1583 ya ce ciniki ya ƙullu kuma mallaka ta koma ga mai saye da zarar an yarda a kan kaya da farashi, ko ba a miƙa kayan ba, ko ba a biya ba. Tunda lambar shasi tana kan rasit, an ayyana motar, ba wata Hilux ake nufi ba sai ita. Sashe na 1138 kuma ya ɗora haɗarin kaya a kan wanda ya zama mai shi. Amma haɗarin da ake nufi shi ne abin da ba hannun kowa a ciki: tsawa ta faɗa mata, ambaliya ta ci wurin ajiyar, abin da ba a iya hangowa kuma ba a iya tarewa. Yaro ya ɗauki makulli ya shiga bayan tifa ba ya cikin wannan.

Rabin da bai faɗa maka ba shi ne wannan. Sashe na 1136 da na 1137 sun wajabta wa mai sayarwa ya tsare kayan har ranar miƙawa, tsarewa irin ta mutum mai kula da dukiyarsa. Sashe na 1614 ya ce a miƙa kaya a halin da suke ranar ciniki. Wanda ya fi dacewa da zancenka shi ne na 1245: mai sayarwa yana fita daga alhaki in ya miƙa abin a halin da yake, amma da sharaɗin lalacewar ba daga aikinsa ko sakacinsa ta fito ba, ba kuma daga mutanen da ke ƙarƙashinsa ba. Yaron shagonsa yana ƙarƙashinsa. Ko da zai ce bai aike shi ba, wa ya bar makulli inda yaron zai ɗauka? Kuma shi ne zai kawo hujjar cewa abin ya fi ƙarfinsa, ba kai za ka kawo hujjar sakaci ba. Saboda haka gyaran da yake kira mutunci, bashi ne a wuyansa, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da ake bin sa.

Zaɓinka uku ne. Kana iya karɓar motar bayan gyara na gaskiya tare da diyyar faɗuwar darajarta, don motar da aka buga ba ta komawa farashinta ko an gyara ta kamar sabuwa. Kana iya karɓarta a yadda take, a zare kuɗin gyara da na faɗuwar daraja daga miliyan 4 da rabin nan, ka kai wa mai gyaran da ka amince da shi. Ni wannan na fi so wa mutane in ɓarnar ba ta kai shasi ba, don wanda ya yi ɓarna in shi ne zai biya kuma shi ne zai zaɓi kayan gyara, mafi araha zai sa. Na uku shi ne warware cinikin a mayar maka da kuɗinka, bisa sashe na 1184. A nan sai ka yi hattara: in bai yarda da kansa ba, alƙali ne ke warwarewa, kuma alƙali yana duba girman ɓarnar. Fitila da bamba kaɗai ba su cika sa a warware cinikin miliyan 12 ba. Shasi da ya karkace ko injin da ya ƙone, wannan wata magana ce.

Ga yadda ake bi. Ka ɗauki wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida da kai takardun kotu, ya je wurin ya rubuta takardar gani da ido: lambar shasi, kilomitan da ke kan agogo, kowace ɓarna, da hotuna. In jandarma ko 'yan sanda sun zo wurin haɗarin, ka nemi kwafin rahotonsu, don shi ne zai nuna wanda ke tuƙi da ranar da abin ya faru. Bayan haka ka kira ƙwararren mai kimanta ɓarnar mota, irin waɗanda kamfanonin inshora ke aiki da su, ka gayyaci mai sayarwa a rubuce ya halarci dubawar, don kada gobe ya ce a bayan idonsa aka yi. In ya hana a shiga, ana zuwa wurin shugaban kotun matakin farko a zaman gaggawa ya naɗa ƙwararre da umarnin kotu. Da rahoton ya fito, wisiye ya kai masa takardar gargaɗi mai ɗauke da abin da kake nema da wa'adi, an saba ba da kwana 8.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka ɗauki motar "kafin a gama magana", kuma kada ka sa hannu a kan takardar karɓa mai cewa ka karɓe ta lafiya. Wanda ya ga aibi da idonsa ya karɓa bai rubuta komai ba, ana ɗauka ya yafe. Sauran kuɗin kuma ka riƙe, amma ka rubuta a takardar gargaɗin cewa suna nan a shirye ranar da ya cika nasa alkawarin, don sashe na 1612 ya ba shi damar riƙe mota in ba a biya ba, kada ya juya zancen ya ce kai ne ka kasa.

Tambaya ɗaya: motar ta hawa ce ko ta kasuwanci, kuma kana da rajistar kasuwanci? Amsar tana canza dokar da za a buɗe.

Mai Bodi Ngaundare:

Alhaji, Metir ya gama nasa, bari in faɗi na ƙarfe, don rahoton ƙwararre ba ya amfani in ba ka san abin da za ka ce a duba ba.

Bayan tifa yana da tsawo. Motar da ta shiga ƙarƙashinsa yawanci sama take bugawa: bonet, fitila, ƙarfen da ke riƙe da lagireto. Ita Hilux bodinta a kan shasi yake zaune, shasin kuma yana ƙasa, to sau da yawa ɓarnar tana da muni a ido amma ƙahonnin shasin ba su taɓu ba. Wannan shi ne fatanmu, amma ba a yanke hukunci da fata. A cire bamba, a ɗora motar a kan rami ko a ɗaga ta, a auna. Ana kama rami ɗaya na shasi a gaban dama zuwa takwaransa na bayan hagu, sannan gaban hagu zuwa bayan dama. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya. In bambancin ya wuce milimita 3 zuwa 5, akwai magana. A auna kuma daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu, sitiyari a miƙe. A duba jikin shasin da tocila: inda ƙarfe ya lanƙwashe, baƙin fentinsa yana tsagewa ko ya yi ƙuraje. In ka ga wuri ɗaya ya sha sabon baƙin fenti ko yana da launin ƙuna, an riga an gasa shi da wuta an ja. Shasin da aka gasa da gas ƙarfinsa ya ragu, kuma wurin ne zai fara tsagewa in ta ɗauki kaya a hanyar gargada. Motar da shasinta ya karkace tana cin taya gefe ɗaya, tana ja gefe, kuma ba saitin taya da zai raba ta da wannan.

Abin da ya fi tsorata ni a bayaninka shi ne ruwan da ya zuba. Ka binciko ko janyo ta aka yi daga wurin haɗarin ko tuƙo ta aka yi. Yaron da ya tsorata yakan tuƙo mota ya dawo da ita da sauri, kuma injin dizal ba ruwa ba ya buƙatar tafiya mai nisa kafin gasket, abin da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone ko kan injin ya bauɗe. Wannan ba ya nuna kansa ranar farko. Bayan an sa sabon lagireto, a tayar da injin ya yi zafi, a duba ko ruwa yana kumfa ba tsayawa, ko tiyon sama yana yin tauri tun injin bai ɗumama ba, ko farin hayaƙi yana fita, ko man injin ya koma kalar shayi da madara. A gwada matsin kowace silinda a rubuta lambobin. In giyar otomatik ce, a duba man giyar ma, don a motoci da yawa bututun sanyaya shi ta cikin lagireto yake bi, in ya fashe ruwa ya shiga giya, giyar ta tafi.

Gaban lagireto akwai kwandensan AC, shi ne ke fara shan duka. A duba fanka da rumfarta, wayoyin da ke bin gefen dama, da kayan ƙafa na wannan gefen, ko da taya ba ta taɓa komai ba. Sai jakar iska ta kariya. Ko ba ta fashe ba, na'urorin da ke jin duka suna nan gaba kusa da lagireto, suna karyewa. In an murɗa makulli fitilarta da ke allon gaban direba za ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi. A sa kwamfuta a karanta, kada a yarda da ido.

Zancen kayan gyara kuma a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya. Kaya iri uku ne a kasuwa: sabo na kamfani, na asali da aka ciro daga wata mota, da kwaikwayo. Na biyun ba laifi in lafiyarsa lau. Fitilar kwaikwayo ƙura da ruwa suna shiga cikinta, haskenta yana watsewa. Bonet ɗin kwaikwayo ƙarfensa siriri ne, ba ya zama daidai, za ka ga tazarar da ke tsakaninsa da gefe ta yi faɗi a nan ta matse a can, alhali ta kamfani daidai take daga sama har ƙasa, wajen milimita 3 zuwa 5. Bonet da gefen da suka lotse sosai a canza su, kada a buge a cike da mastik, wato cikon da ake shafa wa bodi kafin fenti. Mastik mai kauri ba ya jure zafin Garwa na watan Maris da Afrilu haɗe da girgizar hanya, tsagewa yake. Maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cike sosai. In an samu na'urar awon kaurin fenti ya fi: na kamfani yana wajen maikron 100 zuwa 150 (maikron dubu ne milimita ɗaya), wanda aka sake fesawa yakan ninka haka, mai mastik kuma ya yi sama can.

Lambar kalar tana kan ƙaramar takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofa. A Toyota, 040 fari ne zalla, 070 fari ne mai sheƙi wanda ake fesawa hawa uku, kuma shi ne mai wuyar dacewa. A fesa a ɗaki rufaffe, ba a fili cikin ƙurar hunturu ba, kuma ka duba aikin da rana tsaka, ba da magariba ba.

Ɗan Garwa:

Na gode Metir, na gode maigida. Na bincika, tuƙo ta aka yi, amma sun ce wurin ba nisa. Motar ta ɗaukar kayan shagona ce zuwa kasuwannin ƙauye, kuma ina da rajistar kasuwanci. Yanzu ya kawo sabbin maganganu biyu: wai akwai inshora, in jira su biya, kuma wai a ƙasan rasit an buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Na duba, rubutun yana nan.

Hajiya Inshora:

Alhaji, ka tambaye shi wace irin inshora ce, ya nuna maka takardar. Kamaru da Cadi duka dokar CIMA suke bi, wato dokar inshora ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka. Inshorar da ta zama dole a kan kowace mota, a sashe na 200, ta ɓarnar da motar ta yi wa wasu ce. Ita za ta gyara bayan tifar, in akwai abin gyarawa, ta biya wanda aka ji wa rauni. Ba ta biyan ko fitila ɗaya ta motar da ta yi karon. Sashe na 201 ya wajabta wa masu sayar da motoci da masu gyara su yi inshorar kansu da ma'aikatansu, amma ita ma ta alhakin wasu ce. Ɓarnar motar kanta sai in ya sayi ƙarin kariya ta musamman kan motocin da ke ajiye a hannunsa, kuma ba kowa ke saye ba.

Ko yana da ita, akwai inda take tsayawa. In yaron ba shi da lasin tuƙi, kamfani zai ƙi biyan ɓarnar motar. In ba a sanar da su cikin wa'adin da ke takardar ba, ko an fara gyara kafin mai kimantawarsu ya gani, za su yi gardama. In sun biya, suna cire kason da ke kan mai inshora, suna rage kuɗin kaya saboda tsufan mota, kuma ba sa biyan faɗuwar daraja. Inshorar mai tifa kuma ba za ta ba da komai ba in tifar tana tsaye inda ya halatta, don laifin na wanda ya bugo ne.

Mafi muhimmanci, ba ka da yarjejeniya da kamfaninsa. Kai shi kake bi. Ko sun biya shi ko ba su biya ba, tsakaninsu ne, kada ka bari a ɗaure haƙƙinka da ranar da za su sa hannu.

Metir Marwa:

To Alhaji, tunda kai ɗan kasuwa ne, shi ma ɗan kasuwa, kuma motar ta sana'a ce, maganarsa ta farko ta rushe gaba ɗaya. Cinikinku yana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, dokar bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sabunta a Lome a 2010, kuma tana aiki a Kamaru da Cadi iri ɗaya. A can sashe na 275 ya ce mallaka tana komawa ne lokacin da mai saye ya karɓi kaya, na 277 kuma ya ce haɗari yana bin mallaka. Ba ka karɓa ba, to mota tasa ce, asara tasa ce, ko tsawa ce ta faɗa mata, sai fa in kun rubuta wani sharaɗi daban. Sashe na 288 ya ba ka ikon rage farashi da gwargwadon bambancin darajar motar lafiyayya da darajar wadda aka kawo maka. Shi kuma sashe na 283 ya ba shi damar ya musanya maka da wata daidai da ita, da kuɗinsa, ba jinkiri. In ya kawo irinta a shekara da kilomita da lafiya, ka duba da kyau kafin ka ƙi.

Wa'adi a nan gajere ne. Aibin da ake gani ranar karɓa, sai ka sanar da shi cikin wata 1, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. Ɓoyayyen aibi, kamar gasket ɗin da Mai Bodi ya ambata, shekara 1 daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano.

Ga masu karatu da suka sayi motar hawa ta iyali: ku OHADA ba ta shafe ku a nan, dokar farar hula ce taku, da dokar kare mai saye ta 6 ga Mayu 2011. Ita ta soke duk sharaɗin da ke cire wa mai sayarwa alhakin aibin kayansa, kuma kuna iya kai kuka ofishin ma'aikatar kasuwanci na yankinku kafin kotu. Alhaji kuwa ba zai jingina da ita ba, don ba ta rufe wanda ya sayi abu don sana'arsa. Amma rubutun ƙasan rasit ɗin bai cece shi ba duk da haka. Ma'anarsa mai saye ba zai ɗauki kaya ya canza ra'ayi ya dawo da su ba. Ba a ba ka kayan ba tukuna, kuma abin da ake son ba ka ba shi ne abin da ka saya ba.

In ta kai ga kotu, adadin da kake nema ne ke nuna ƙofa: har zuwa miliyan 10 kotun matakin farko, abin da ya haura haka babbar kotu. Komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba ta warware ciniki, kada ka ɓata kuɗinka a can, sai in ya sayar wa wani da motar ko ya ɓoye ta ya hana ka kuɗinka, wannan ya shiga sashe na 318 na dokar laifuka. Ka kuma duba sunan da ke kan rasit da na takardun kwastan. In wanda ka ba kuɗi dillali ne kawai, motar ta wani ce, takardar gargaɗi ta je wa su biyun.

Malam Kusiri:

Allah ya saka wa kowa. Ina so in ƙara abu biyu.

Na farko, kada wanda ya yi odar mota daga Duwala zuwa Kusiri ko Njamena ya ɗauka hukuncin Alhaji nasa ne kai tsaye. Tsakanin 'yan kasuwa, in yarjejeniya ta ce mai sayarwa zai miƙa motar ga mai jigila, haɗari yana komawa kan mai saye tun daga hannun mai jigila na farko. In ta faɗo daga kan tirela a gangaren dutsen da ake kira falez tsakanin Ngaundare da Garwa, mai jigila za ka bi, ba mai sayarwa ba. Dokar jigilar kaya ta OHADA ta 2003 ta sa iyakar diyya sefa 5,000 a kan kowane kilo, sai in an bayyana darajar kayan a takardar jigila. Motar da ta kai tan 2 ke nan miliyan 10, ko da ta fi haka tsada. Ɓarnar da ake gani a rubuta ta wurin karɓa, wadda ba a gani cikin kwana 7. Mafita ita ce a rubuta tun farko cewa miƙawa a garinka ne, hannu da hannu.

Na biyu, na ga an yi ta zancen kotu, alhali yawancin irin wannan a zaure ake kashe shi, gaban dattawan kasuwa ko malami, kuma ya fi sauri. In an je can, kada kalmar ƙaddara ta rufe wa kowa baki. A fiƙihun Malikiyya ma lamunin kaya ayyananne yana komawa kan mai saye da ƙulla ciniki, amma malamai sun faɗa a sarari cewa in mai sayarwa ne ya lalata kayan ko ya sa musu aibi, biya ya hau kansa. Yin gyara a ɓoye don a miƙa mota kamar ba abin da ya faru kuwa algus ne, kuma hadisin da ya hana algus sananne ne ga kowa.

Metir Marwa:

Malam ya yi gaskiya, sulhu ya fi, kuma ban hana shi ba. Sai dai a je zauren da rahoton ƙwararre a hannu, in ba haka ba za a raba asarar biyu don a zauna lafiya, alhali ba ka da kaso a cikinta. Kuma ka sani sulhun da aka rubuta aka sa hannu yana da ƙarfin hukuncin ƙarshe a tsakaninku, sashe na 2052 na dokar farar hula, ba a dawowa a ce an manta abu kaza.

Saboda haka takardar ta ƙunshi lambar shasi da kilomita, jerin kayan da za a canza da irin kowanne, sunan garejin da kai ka zaɓa, ranar gamawa, da abin da zai biya a kowace rana in ya wuce ta. A rubuta ragin da lamba. Misali, in ƙwararre ya ce gyara miliyan 1 da dubu 400 ne, faɗuwar daraja dubu 800, kuma kai za ka yi gyaran, abin da ya rage a kanka miliyan 2 da dubu 300 ne, ba 4 da rabi ba. Tunda an tuƙa ta ba ruwa, kada ka yarda da jimlar da ke cewa ka yafe duk wani abu da zai biyo baya. A ware injin da giya a rubuce: in gasket, kan injin ko giya suka nuna matsala cikin watannin da kuka yanka, gyaran nasa ne. In kuma mayar da kuɗi kuka zaɓa, a sa ranakun biya da adadin kowanne, ka riƙe asalin rasit ɗinka har sefa ta ƙarshe ta shigo, kuma a rubuta cewa ba zai sayar da motar ba sai da saninka kafin ya gama biya. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, a kai a buga hatimin tabbatar da sa hannu.